Cokalin da Na Kai Gindin Tsamiya

Har yau idan na ji ƙanshin jan sabulun nan na asibiti sai gabana ya faɗi. 'Ya'yana sun sha tambayata dalili, nakan ce musu tsufa ne, don a bar maganar. Amma gaskiyar ita ce Rano yake tuna mini.

An turo ni Rano saura kamar shekara biyu a ba mu mulkin kai. Na fito daga makarantar koyon aikin likita ke nan, ga amarya, ga sabon keke, ga kai cike da littafi, ina jin duk ƙasar Kano ba wanda ya kai ni sanin cuta. A takarda mataimakin likita ne ni, amma a Rano ba mai wannan dogon zance, likita kawai ake kirana, ni kuwa sunan yana yi mini daɗi ƙwarai. Wannan aiki na sha wuya kafin in same shi. Mahaifina ya sha surutun dangi a kan barina da ya yi na shiga karatun boko, saboda haka ranar da na sa farar riga na tsaya a barandar asibitin, ji na yi duniya ta gama yi mini komai.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, rufin kwano, a gefen gari wajen duwatsu. Mutum uku na tarar. Akwai tsohon malamin asibiti, wanda ya haura shekara ashirin yana ba da magani a wurin, shi ne shugaba kafin zuwana, kowa Baba yake ce masa. Akwai mai wankin gyambo, wani dogo mai yawan dariya. Sai unguwarzoma, tsohuwa mai kaifin baki. Ni dai ban ce wa tsohon Baba ba. Malam nake ce masa, don a ganina in na ce Baba na ba da kai ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Suna da al'ada a wurin. Da an sallame azahar, gidan kowa zai aiko da akushi, a shimfiɗa tabarma a gindin wata tsamiya da ke bayan asibiti, a haɗa abincin a ci tare. Duba-gari yakan zo, haka wani malamin makaranta. Ciyayya dai irin wadda kowa ya sani. Ranar farko Baba da kansa ya leƙo ofis ya ce, "Likita, bismilla, an shimfiɗa." Na fito na zauna. Aka zagayo da ƙwarya guda ta wanke hannu, kowa ya tsoma. Ina kallo mai wankin gyambo, wanda yanzun nan ya tashi daga kan wata ruɓaɓɓiyar ƙafa, ya tsoma nasa ya yarfe. Baba ya tsoma, sannan ya miƙo mini ƙwaryar da hannunsa.

Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na miƙe tsaye. Na ce, "Haba Malam! A asibiti?" Na shiga ciki na ɗauko tasa da jan sabulu na dangwarar a gabansu, na ce kowa ya wanke da wannan, har gwiwar hannu. Ga marasa lafiya zaune a baranda suna kallo. Baba ya dube ni, ya dubi sabulun, ya ja hannun rigarsa ƙasa, ya wanke yatsunsa kawai. Aka ci abincin nan aka watse.

Da ina da hankali da na tsaya nan. Ina! Washegari sai na fito da cokali a aljihu, na yanki nawa tuwon daga gefe na sa a faranti, na ja baya kaɗan ina ci. A raina ina cewa koya musu tsabta nake yi, da sannu za su gane. Rana ta uku na zauna a ofis ina jiran a leƙo. Na ji an shimfiɗa tabarma, na ji ana buɗe akusa, na ji dariyar dogon nan. Ba wanda ya leƙo. Daga ranar ba a sake kirana ba, kuma ni ma girman kai bai bar ni na fita ba.

Wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai a ɗaki yana jin hirar mutane ta taga ba, ba zai gane abin da nake faɗi ba. Wata goma sha huɗu na yi a haka. Ba su taɓa ƙin aikin da na sa su ba, ba su taɓa ɗaga mini murya ba. Gaisuwa kuwa har da rusunawa: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Wannan ladabin shi ya fi komai ci mini rai. Da na shigo ɗakin magani sai hira ta mutu. Da na fita sai ta farfaɗo ƙasa-ƙasa. In na zaro ɗan littafin da nake rubuta lamuran marasa lafiya, sai in ga unguwarzoma ta zunguri dogon da gwiwar hannu. Na ce a raina, to, akwai abin da ake ƙullawa.

Lokacin kuwa ba zancen da ake yi a gari sai na tafiyar Turawa, da wanda zai hau wace kujera in sun tafi. Sai na haɗa wannan da wancan, na yanke cewa tsohon nan so yake ya kore ni ya koma shugabancinsa. Duk abin da na gani kuma sai ya zama shaida. Baturen likita yakan zo rangadi daga Kano duk bayan wata uku, kuma duk ranar da zai zo sai Baba ya samo uzuri: yau za shi Rurum yin lambar rigakafi, gobe an ce ƙyanda ta ɓulla a Yalwa. Na ce ai ga shi nan, tarar Bature yake zuwa yi a hanya ya kai ƙarata. Kullum yana cikin riga mai dogon hannu ko ana zafin bazara, in yana magana da ni hannayensa a baya. Na ce laya ce ya ɗaura a dantse saboda ni.

Sai kuma na lura ƙwayar maganin kuturta tana raguwa a gwangwani fiye da yadda muke bayarwa. Ba mai yawa ba, kaɗan-kaɗan. Na tara su ukun na tambaya. Dogon ya dubi ƙasa. Unguwarzoma ta ce, "Ɗan nan, ni da ba na karatu ina na san ƙwaya?" Baba ya ce, "Wataƙila wajen zubawa ne, ranka ya daɗe." Na tabbata so suke Bature ya zo ya tarar da giɓi, a ce sabon likita ɓarawo ne. Na sayo kwaɗo na datse kabad ɗin, na sa mabuɗin a wuyana kamar kambu.

Abin har gida ya bi ni. Duk Juma'a unguwarzoma takan kawo wa matata kwano rufe, ta ce daga gidan Baba, wani lokaci dambu, wani lokaci farfesun kaza. Na ce wa matata kada ta kuskura ta ɗanɗana, ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne. Ta ce, "Malam, abinci fa? Ka ji tsoron Allah." Na ce, "Ke ba ki san mutanen nan ba. Wanda ba ya kiranka ci a fili, me zai sa ya aiko maka a rufe?" Ta bi umarnina, amma ta daina kallona ido cikin ido in Juma'a ta zo. Ashe kuma katangarmu gajeriya ce, maƙwabta suna gani.

Aikin da na so kamar raina sai ya koma mini kamar ɗaukar dutse. Da safe in na hango rufin asibitin daga nesa sai kaina ya fara sarawa. Na rame, wandona ya yi mini yawa. Na zama mai faɗa. Akwai wata Bafulatana da ta taso tun daga rugarsu da jariri yana gudawa, ta ce ta ba shi jiƙo kwana uku kafin ta kawo shi. Na balbale ta da masifa a gaban jama'a har ta fashe da kuka, ta goya ɗanta za ta tafi. Baba ne ya bi ta, ya yi mata magana da Fillanci a hankali, ya dawo da ita. Maimakon in gode masa sai na ce a raina, dubi yadda yake sayen mutane. Yaron ya warke, amma ko kaɗan ban ji daɗin da likita yake ji ba. Na daina jin komai game da marasa lafiya, sai dai in ƙosa layi ya ƙare.

Daga ƙarshe na rubuta takardar barin aiki, na ninke ta na sa a cikin ɗan littafina. Na ce wa matata in Bature ya zo zan miƙa masa, mu koma birni, in ya so in zauna a rumfar mahaifina in sayar da yadi. Ta ce, "Duk karatun nan?" Na ce, "Duk karatun nan. Na gaji." Kuma da gaske nake, saura kwana shida ya zo.

A cikin kwanakin nan ne ranar kasuwar Kibiya ta zagayo. Mukan je can mu duba marasa lafiya a wata rumfa kusa da gidan dagaci. Da dogon nake zuwa kullum, amma a ranar ana sunan ɗansa, saboda haka dole Baba ya raka ni. Damina ce, dawa ta kai ƙugu, hanya duk taɓo. Muka hau kekuna, shi a gaba da akwatin magani, ni a baya, don ban yarda ya bi bayana ba. Tun daga Rano har Kibiya gaisuwar manoma kawai muke amsawa.

Muka tarar da mutane cike, masu gyambo, masu ciwon ido, mata da goyo. Baba ya kunna risho ya ɗora 'yar tukunyar ƙarfen da muke tafasa allura. Ni ina duba wani tsoho mai tari, sai iska ta kaɗa, harshen wuta ya karkata yana lasar hannun tukunyar. Na gan shi da gefen ido. Can na ce, "Malam, allura." Ya juyo yana amsa wa wata mata tambaya, ya kai hannun dama ya kama tukunyar nan, ba tsumma ba komai, ya ɗauko ta ya taho yana ci gaba da maganarsa. Taku huɗu ya yi. Ni na fara jin ƙaurin, shi bai ji komai ba.

Na daka tsawa, "Ajiye! Ajiye ta!" Ya ajiye a firgice, ya dube ni, sannan ya bi idona ya dubi hannunsa. Fatar yatsu biyu na ƙarshe da gefen tafin ta yi fari ta tashi. Nan take ya mayar da hannun baya, irin tsayuwar da na saba gani.

Na ce wa mutane su ba mu wuri, na ja shi zauren dagaci. Na ce, "Kawo hannun." Ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Na ce, "Kawo, na ce." Na naɗe hannun rigar da kaina. Ba laya ko ɗaya. Wani tabo ne a dantse, faffaɗa, ya ɗan yi ja, gashin wurin ya zube. Na taɓa jijiyar bayan gwiwar hannu, na ji ta kumbura kamar igiyar guga. Na ce ya rufe ido, na shafa masa auduga a yatsun, na ce ya faɗa in ya ji. Na shafa, na sake shafawa. Yana tsaye ido rufe yana jira in fara.

Da ya buɗe ido sai ya ce, "To, Likita, ka huta. Sai ka rubuta."

Na ce, "In rubuta me?"

Ya ce, "Abin da ka sani tun ranar farko. Ranar da na miƙo maka ƙwarya ka ga hannuna ka tashi ka ɗauko sabulu. Washegari ka zo da cokali. Ai ba yaro ba ne ni." Ya ci gaba da cewa, "Na aika maka abinci don ka san ban riƙe ka a rai ba, ko ka rufa mini asiri, aka ce binnewa ake yi. Ban ga laifinka ba. Ni dai abin da ban gane ba, me kake jira? Duk zuwan Bature sai in yi sallama da iyalina in fita, in ce yau za a aiko a sallame ni a kai ni garin kutare. In dawo in tarar shiru. Wata goma sha huɗu, Likita. Da ka yi ta tun farko da ya fi mini sauƙi."

Na zauna a kan dakalin zauren. Na ce, "Wallahi tallahi ban sani ba. Ban gani ba." Ya dube ni, kuma na ga bai yarda ba. Ina zai yarda? Likita guda, mai takarda, a ce ya shekara da mutum a ɗaki ɗaya bai ga kuturta a hannunsa ba! Na zaro ɗan littafin da suke tsoro, na buɗe masa shafi-shafi, don yana karatu sarai. Masu tari, masu gyambo, masu zazzaɓi. Takardar ta faɗo a kan cinyata, na miƙa masa ita ma. Ya karanta a hankali, leɓensa yana motsi, ya kai ƙarshe ya koma farko.

Ya ce, "Barin aiki? Kai? Saboda me?"

Na ce, "Saboda ku. Na ɗauka korata kuke so ku yi."

Ya ce, "Innalillahi." Ya ninke takardar ya miƙo mini. Sannan ya ce, "Mu da muke lallaɓa ka kamar ƙwai."

Na tambaye shi ƙwayar. Ya ce shi ne, dogon yake ɗebo masa, yana sha yadda ya samu. Na ce yaushe rabonsa da ita. Ya ce, "Tun da ka sa kwaɗo." Wata biyar ke nan. Ya ce a da yana jin yatsun kaɗan-kaɗan, a cikin watannin nan ne suka mutu gaba ɗaya. Mabuɗin yana rataye a wuyana yana faɗin haka, ina jin sanyinsa a ƙirjina. Na yi kuka a zauren mutane, ban ɓoye ba.

Na wanke ƙunar na ɗaure. Muka koma rumfa muka gama da jama'a, ni nake tafasa allura. Bayan azahar aka fito mana da akushi guda daga gidan dagaci, tuwon dawa da miyar kuɓewa. Baba ya ja gefe ya ce in fara, zai ci saura. Na ce, "Baba, matso." Ranar na fara kiransa haka. Na san, kuma tun a makaranta na sani, cutar nan ba a loma ake ɗaukarta ba, musamman daga mai shan magani. Muka sa hannu a akushi ɗaya, shi da hagu yana ba ni haƙuri.

Da Bature ya zo ban miƙa masa takardar ba. Na shigar da Baba gabansa da kaina, bayan na sha fama kafin ya yarda. Na ce ga malamin asibitinmu, ga abin da ke damunsa, ni zan riƙa ba shi magani a ƙa'ida, kuma in za a sallame shi to a haɗa da ni. Baturen ya duba tabon, ya ɗaga kafaɗa, ya ce a ci gaba da ƙwaya, a raba shi da wuta da allura, ya tsaya wajen ba da magani. Shi ke nan. Abin da tsohon nan ya shekara yana mutuwar tsaye a kansa, bai ɗauki Bature minti biyar ba.

Na koma gindin tsamiya. Ranar farko unguwarzoma ta leƙo ta ce, "A'a, yau sarkin tsabta ne a ƙasa? Ina cokalin?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Sabulun kuwa bai tafi ba, dogon da kansa yake fito da shi, ashe ba shi ne matsalar ba. Na ƙara shekara tara a Rano, kuma ban sake tashi da ciwon kai don tunanin asibiti ba. Duk inda na yi aiki bayan nan, in na ga sabon ma'aikaci yana ci shi kaɗai a ofis, sai na je na fito da shi ko yana so ko ba ya so.

Tabon Baba ya baje a hankali, cutar ta tsaya. Amma jijiyar da ta mutu ba ta dawo ba. Kafin shekara ta zagayo yatsun nan biyu suka lanƙwashe, na tsakiya ma ya raunana, har ya kasa murza loma. Yakan yi ta fama da tuwo yana zubewa, yana mai da abin wasa. Wata rana na kasa jurewa, na shiga ofis na buɗe aljihun tebur na ɗauko cokalin nan, na wanke, na naɗa masa tsumma a ƙota don ya kamu, na ajiye a gabansa. Ya juya shi, ya gane shi sarai. Ya ce, "Allah ya yi albarka, Likita."

Da shi ya riƙa ci har ya bar aiki, yana zaune dab da ni, a akushi ɗaya. Bai taɓa cewa ni na jawo masa ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa kullum ina jin ƙarar cokalin a jikin akushin, kuma na san watanni biyar ɗin da suka sa shi a hannunsa.